Ranar da Yara Suka Ɗaura wa Mangwaro Aure

Ka taɓa shan mangwaro mai zaƙi har ka ji ba za ka iya jefar da ƙwallonsa ba? Ka kai shi bayan ɗaki ka binne, ka yi ta fama da awaki, ka yi ta ba shi ruwa shekara da shekaru, ranar da ya yi 'ya'yan fari ka gatsa, sai ka ji tsami, ga zare cike da haƙori? In ka taɓa, to, misalin nan naka ne. In ba ka taɓa ba, gyara zama, don akwai yara a cikinsa, kuma ka san irinsu.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. A cikin lambun ya yi ƙuruciya, a cikinsa furfura ta same shi. Yana da alayyahu da tattasai da karas, yana da gwanda da gwaiba, amma abin da ya fi ƙauna shi ne wata bishiyar mangwaro da mahaifiyarsa ta dasa a tsakiyar lambun. Ba wanda ya san sunan irinta, mutanen gari dai suna ce mata mangwaron Inna. Ba ta da zare, ƙwallonta siriri ne, in ta nuna kuwa, tun daga hanya ake jin ƙanshinta.

Ana nan sai gara ta shiga bishiyar. Bana wannan reshe ya bushe, baɗi wancan. Mai lambu ya shuka ƙwallayenta da yawa, sun kuwa tsiro, amma duk wanda ya girma ya yi 'ya'ya, sai ya fito da tsami. Yakan girgiza kai ya ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shuka mangwaro ba."

Ya san maganin abin, wato aure. Haka masu lambu suke kiransa. Akan yanko ɗan reshe daga bishiya mai zaƙi, a tsaga kan ƙaramin tsiro mai tsami, a cusa reshen a ciki, ɓawo ya sadu da ɓawo, a ɗaure tam da leda. In Allah ya yarda suka kama juna, saiwa ta mai tsami ce, 'ya'ya kuwa na mai zaƙi. Mai lambu ya yi wa itatuwa aure ba iyaka a zamaninsa. Amma yanzu hannunsa yana rawa. Auren da ya ɗaura bara duk ya mutu, don ɗaurin bai matse ba, iska da ruwa suka shiga tsagar. 'Ya'yansa sun tafi birni, ba mai sha'awar koyo. Reshe ɗaya tak ya rage wa mangwaron Inna mai ɗanyen ganye.

Yara kuwa, tuni ya rufe musu ƙyaure, ya ƙara wa shinge ƙaya, don ya gaji da tsince duwatsun jifa a gindin bishiya.

Wata rana wata malamar makarantar firamare, mai suna Malama Damaris, ta yi sallama a bakin ƙyauren. Bayan ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, alfarma na zo nema. Ina so in kawo 'yan ajina su ga lambu."

Ya ce, "Malama, tsakanin fara da yara, wa ya fi ɓarna a lambu? Ita fara ko jifa ba ta yi."

Ta ce, "Baba, jiya na tambaye su daga ina karas yake fitowa. Wani ya ɗaga hannu ya ce daga baro."

Mai lambu ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinsa.

Ta ce, "Na zana musu a allo har alli ya ƙare. Gani ya kori ji. Yaron da bai san wahalar itace ba ai shi ke jifansa."

Maganar nan ta tsaya masa a zuciya. Ya ce su zo, amma a bi gefen fangali, wato 'yan komayen da ake shuka a ciki, kowa hannunsa a baya.

Suka zo da safe, farkon damina, ƙasa tana ƙanshin ruwan jiya. Hannu a baya bai daɗe ba. Wata yarinya mai suna Fibi ta ga tana a cikin laka ta yi tsalle, mai lambu ya ɗora tanar a tafin hannunsa ya ce wannan ma'aikaciyarsa ce, tana yi masa huɗa ba ta taɓa neman tuwo ba. Suka ga hawainiya a kan zogale, suka yi ta roƙonta ta rikiɗa, ta ƙi. Malam buɗe littafi ya sauka a furen kabewa, wani ya ce ga malamin da ba ya duka. Da mai lambu ya ce a ja wani ganye, karas ya biyo baya da ƙasa a jikinsa, sai ajin duka ya juya ya dubi wani yaro mai manyan kunnuwa, mai suna Barnaba. Shi ne na baro.

Mai lambu ma ya dube shi, ya gane shi. Ya ce, "Kai, abokina, ba kai ne mai jifar mini mangwaro bara ba?"

Barnaba ya ce, "Ba ni ba ne, Kaka. Hannuna ne."

"To, ka gaishe mini da hannun. Ya iya saiti."

A haka suka iso tsakiyar lambu. Fibi ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, me ya sa wannan bishiyar ta yi sanƙo?"

Ya ce, "Gara ce ta ci ta, jikata."

Barnaba ya ce, "Mu a unguwarmu mutane ke cin gara in an kai amarya. Nan kuma gara ke cin amarya?"

Mai lambu ya ce, "Ashe ka san amarya ce. Aure nake so in yi mata kafin ta mutu."

Wuri ya kaure da dariya. Wannan yana tambaya wane ne ango, wancan yana tambaya ko Fasto zai zo, wata ta ce ita dai in ba shinkafa ba za ta tsaya ba. Mai lambu bai yi niyyar nuna musu ba, amma da ya ga idanun nan duka a kansa, sai ya kai su inuwa inda ya jera ƙananan tsiron mangwaro a baƙar leda. Ya ce, "Ga angwaye nan. Ba su da zaƙi, amma suna da saiwa mai ƙarfi."

Ya yanko ɗan reshe daga reshen nan da ya rage, ya fere gindinsa, ya tsaga kan tsiro ɗaya, ya cusa. Da ya zo ɗauri, hannun ya soma halinsa. Ledar ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, ɗan reshen ya faɗi ƙasa. Dariya ta ɗauke. Tsohon ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi a gaban 'yan yara.

Fibi ta tsugunna ta ɗauki reshen, ta hure masa ƙasa. Ta ce, "Kaka, ka riƙe, ni in ɗaure. Ni ke yi wa mamata ƙullin gishiri na sayarwa, bai taɓa kwancewa ba."

Mai lambu ya ɗaga ido ya dubi reshen ƙarshe. Ya ce a ransa, in na ba yaran nan suka ɓata, shi ke nan. In kuma na riƙe da wannan hannun nawa, shi ke nan ɗin dai. Sai ya miƙa wa Malama Damaris wuƙa, ya nuna mata yadda ake yanka sau ɗaya, ba a maimaitawa. Ita tana yanka, shi yana daidaita ɓawo da ɓawo, Fibi tana koya wa 'yan'uwanta ƙulli. Kowane yaro ya ɗaura nasa auren. Kafin rana ta take, reshen ƙarshe ya ƙare.

Da za su tafi ya ce, "Kowa ya shaida nasa. Naku ne. Ni mai ba da ruwa ne kawai."

Ba a daɗe ba aka yi wata iska mai ƙarfi, mangwaron Inna ta faɗi, cikinta duk ƙasar gara. Bayan haka kuma ruwan sama ya ɗauke, rana ta buɗe kamar bazara ta dawo. Mai lambu ya yi rumfa, ya yi ta ɗebo ruwa daga rafi, amma ƙananan rassan suka shiga yin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Har na Fibi, mai kyakkyawan ɗauri, ya bushe. Guda ɗaya ne ya rage da kore a jikinsa, shi ne na Barnaba.

Sai dai wani abu ya faru da shi. Wani toho ya fito a ƙasa da ɗaurin, daga jikin ango, yana girma kamar ana jansa, ganye shar. Mai lambu ya san irin wannan toho. Shi ke shanye ruwan da ya kamata ya hau sama, reshen amarya ya mutu da ƙishi, a wayi gari bishiya ta girma da kyau, amma ta tsami ce. Karya shi ba wuya, ko hannu mai rawa zai iya.

Ya kai hannu, ya janye. Kashegari ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Ya ce a ransa, in na karya yau, wani zai fito gobe, wani jibi, har bishiya ta yi ƙarfi. Ni kuwa ba ni da tabbacin baɗi. Ba karyawar yau take bukata ba, mai ita take bukata. Sai ya aika wa Malama cewa ta dawo da yaran da wuri. Kafin su zo, kullum yana zagaya tsiron, yana duban tohon yana ƙaruwa, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Da suka zo, suka tsaya a gaban kututturen mangwaron Inna. Kowa ya ruga wurin nasa, ya dawo jiki a sanyaye. Fibi ta ce, "Kaka, ɗaurina ne bai yi ba?"

Ya ce, "Ɗaurinki ya fi nawa na ƙuruciya. Namu ɗauri ne, rayarwa ta Allah ce."

Barnaba kuwa sai tsalle yake yi. "Ku zo ku ga nawa. Ku ƙirga ganye. Wa ya ce ban iya ba?"

Mai lambu ya zauna a ƙasa kusa da shi ya ce, "Abokina, duba da kyau. Ganyen nan, sama da ɗauri ya fito ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To, ba na amarya ba ne. Ango ne ya tuna da halinsa na da. Sai an karya shi."

Barnaba ya sa hannu biyu ya kare tsiron. Ya ce, "Shi ne mai rai, Kaka. Na saman ai sanda ce kawai."

Mai lambu ya nuna masa kan sandar. Akwai wani ɗan ƙullutu a wurin, bai fi ƙwayar gero ba. Ya ce, "Ga ta nan, tana so ta buɗe ido. Amma ruwan da saiwa take kawowa ɗaya ne. Ba ya isar biyu."

"A bar su duka mana."

"Ba a bari. Mai ganyen zai ci, mai idon ta mutu."

Yaron ya dubi ganyensa mai sheƙi, ya dubi ƙwayar geron. Ya ce, "Bakin kowa ya mutu da na nuna musu. In na karya, nawa ma ya zama kamar nasu."

Malama Damaris ta motsa za ta yi magana, mai lambu ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Naka ne, ba zan taɓa ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wanda hannunka ya jefo bara, yaya bakinka ya ji shi?"

Barnaba ya lashe leɓe. Yara suka matso. A cikinsu duka, shi kaɗai ne ya taɓa ɗanɗana mangwaron Inna.

Can ya ce a hankali, "Ba zare. Har ɓawon na cinye. Na lashe gwiwar hannuna."

"Ka taɓa samun irinsa a baro?"

"A'a."

"Ba kuwa za ka samu ba. Duk duniya, abin da ya rage nasa shi ne ɗan idon nan."

Yaron ya janye hannayensa. Ya kama tohon da yatsu biyu, ya rufe ido, ya karya. Ya daɗe riƙe da ganyen a hannu, hawaye yana bin kumatunsa, ba wanda ya yi masa dariya.

Mai lambu ya ce, "Zai sake fitowa."

Barnaba ya share fuska ya ce, "Zan sake zuwa."

Ya kuwa riƙa zuwa. Ba da jimawa ba idon ya buɗe, ya fitar da ganye ja-ja, masu laushi kamar kunnen jariri. Da tsiron ya yi ƙwari, ajin duka suka dasa shi kusa da kututturen, Fibi ce ta kwance ɗaurin da hannunta. Duk ranar da Barnaba ya shigo, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya tsugunna yana duba ƙasan gaɓar da aka yi auren. Mai lambu ya cire ƙaya daga shinge, wasu azuzuwan ma suka soma zuwa. In wani yaro ya ɗauki dutse, Barnaba ne ke cewa, "Ajiye. Ka san wahalar da aka sha?"

Shekarar da bishiyar ta yi 'ya'yan fari, tsohon ba ya iya zagaya lambu, haƙoransa ma sun ƙare. Barnaba ya tsinko na farko da hannu, ba da dutse ba, ya wanke a rafi, ya kawo masa. Irin wannan mangwaro ba ya neman haƙori. Mai lambu ya tsotsa, ya rufe ido, ya ce, "Inna ce."

Ma'anar wannan misali ita ce: mangwaron Inna ita ce rai da muke da shi cikin Almasihu, bangaskiyar da iyayenmu suka riƙe har tsufa. Ba a gadonta ta ƙwallo. An haife ka a gidan masu bi, an raɗa maka suna mai kyau, kakanka ne ya haƙa harsashin majami'a, duk wannan alheri ne, amma ƙwallo ne. Kowane mutum sai an haɗa shi da Mai Ceto shi da kansa, ɓawo da ɓawo. Ka lura kuma, ba a yin auren itace sai an yanki duka biyu. Shi an riga an yanke shi dominmu. Saura mu yarda a tsaga zuciyarmu.

Tsiro mai tsami mu ne. Allah bai tumɓuke mu ya yar ba. Saiwarmu yake so, da harshenmu, da garinmu, da ƙarfinmu, ya ba su 'ya'yan da ba za su iya yi da kansu ba.

Tohon da ya fito ƙasa da ɗauri kuwa, shi ne tsohon hali. Abin mamakinsa shi ne ya fi saurin girma, ya fi kyan gani, shi ake nuna wa mutane. Son a yabe ka, bakin da ya iya mayar da magana, wayon da ke sa a ce wane ba a cutarsa. Haƙuri da gaskiya da tawali'u kuwa sukan soma kamar ƙwayar gero, ba mai tafa musu. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka tambayi kanka yau: abin da ya fi tsawo a rayuwata, sama da ɗauri ya fito ko ƙasa? Kada kuma ka ce ka karya bara. Yana sake fitowa.

Ku dubi kuma hikimar tsohon nan, da ya janye hannunsa alhali zuciyarsa tana tafasa. Mu iyaye da malamai, mun cika son karya wa yara toho da ƙarfi, da tsawa, da bulala. Ranar da ba ma nan fa? Abin da ya sa Barnaba ya karya nasa ba tsoro ba ne, ya san zaƙin abin da ake so ya ceta. Yaron da ya ɗanɗana alherin Ubangiji a gidanku, a bakinku, a yadda kuke gafarta masa, shi ne zai iya rabuwa da ganye mai sheƙi ba mai tsaye a kansa. Ku lura ma, wanda aka rufe ƙyaure dominsa, shi ne ya zama mai tsaron bishiya. Wa ya sani ko mai surutun nan na bencin baya shi ne Barnaban ajinki?

Ga dattawanmu kuma, da girmamawa: hannu mai rawa yana da sani, ƙananan yatsu suna da ƙarfin ɗauri. Kowanne shi kaɗai, aure ba ya ɗauruwa.

Saboda haka, malamin makarantar Lahadi, malamar firamare, uwa, uba, ga roƙo. Kada darasin nan ya ƙare a kan benci. A kowace ikilisiya akwai mai lambu, ko mai 'yar gona a bayan gida, ko tsohuwa mai zogale da lalo a gindin randa. Kafin daminar nan ta wuce, je ka same su, ka durƙusa ka gaishe su, ka nemi alfarma. Kai yaran su taɓa ƙasa, su ja karas da hannunsu, su ga tana ba su gudu ba. In an sami wanda ya iya auren itace, a yi a gabansu, kowa ya ɗaura nasa. In lambu ya yi nisa, gwangwanin madara da ƙasa da ƙwayar wake sun isa a soma. Sa'an nan ka komar da su su duba abin da suka shuka, don a komawar darasin yake. Kai kuma mai lambu, in ka ji sallamar yara a bakin shinge, tashi ka buɗe musu ƙyaure.